Ma'aunin da Muka Binne

"Kofi ɗaya Inna take sakawa. Da idona na gani, ba a littafi na karanta ba."

"To ai kofi ɗayan na auna, Yaya. Na cika shi da ruwa, na juye a sikeli, giram ɗari biyu da hamsin cif. Ina laifina a nan?"

"Laifinki ga shi can cikin gwangwani yana ninƙaya a mai."

"Naki na jiya fa? Kaji ma sai da suka yi shawara kafin su taɓa shi."

Ni dai ina zaune a bakin ƙofar kicin da carbina, baki yana salati, kunne yana aikinsa. 'Ya'yan ƙanena ne su biyu ke wannan cacar. Babbar ɗinki take yi, Tela muke ce mata tun kafin ta mallaki keken kanta, kuma duk abin da idonta bai auna ba a wurinta ƙarya ne. Ƙaramar, Auta, a gidan waya take aiki, tana auna ƙunshin saƙon mutane daga safe har yamma, har ta kai in ka ba ta labari sai ta kusa tambayarka giram nawa ne.

Kek suke wa faɗa. Kada ku yi dariya, ran mutum ne a cikinsa.

Uwarsu ta rasu wata biyu kafin wannan rana. Shekara talatin ke nan da likita ya hana ƙanena kowane irin mai sai man zaitun, saboda zuciyarsa. Matarsa ta je ta koyo wani kek da ake yi da man zaitun da ɓawon lemo, kuma tun daga lokacin yanka ɗaya yake ci kowace safiya da shayi, ko ana ruwa ko ana rana. Ranar da aka kai ta makwancinta akwai sauran rabi a ƙarƙashin murfi. Ya yi ta yankarsa siriri siriri, kamar mai fere sabulu, har ya kwana tara, ya bushe, yana tsoma shi a shayi kafin ya tauna. Da ya ƙare sai ya fara ja da baya da abinci. Yau cokali biyar, gobe uku, jibi ya ture kwanon. Makon da nake ba ku labari, shayi kaɗai ke wuce maƙogwaronsa. Likita ya zo ya duba shi ya ce in Litinin ta yi bai fara ci ba, za a kwantar da shi a asibiti a zura masa roba ta hanci. Ƙanena ya ce ya ji, amma gawarsa za su zura wa.

Rannan Alhamis ce. Kek takwas 'yan matan nan suka gasa, huɗu huɗu. Kowanne aka kai masa sai ya shinshina, ya danna da yatsa, ya dubi maiƙon da ya fito, ya ce, "Ba shi ba ne," ya juya fuska bango.

Fulawa da sukari da ƙwai babu gardama a kansu, marigayiya ta rubuta adadinsu a bayan wata tsohuwar kalanda da ke rataye kusa da taga. A layin ƙarshe ta rubuta "mai", ba ta ƙara komai ba. Me za ta ƙara? Tana da kofinta, wani kofin silba mara mariƙi, lotsattse a gefe ɗaya, wanda ko ruwa ba ta yarda a sha da shi. Tela takan cika kofin nan taf da mai ta juye. Auta kuma ta ce zamanin kofi ya wuce, ta zo da sikelinta.

Akwai mace ta uku a kicin ɗin, ko da yake in ba ka lura ba sai ka ɗauka tukunya ce. Matar ɗan'uwansu ce, wanda ke tuƙa babbar mota, mako ɗaya yake yi a gida cikin wata. Shekararta goma sha biyu a gidan amma har yau Amarya ake ce mata. Tun kwana uku da rasuwa Tela ta yanka mata iyaka: "Kek ɗin Baba aikin 'ya'yan ciki ne. Ke ki ji da wanke-wanke." Amarya ta ce to. Kullum tana gaban famfo, ta ba su baya, tana cuɗa gwangwanayen da suka ɓata.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa faɗan rannan ya fi na kullum zafi.

Sikelin Auta na zamani ne, farantinsa gilas, lamba tana fitowa a gaba da ɗan haske kore. In an bar shi minti ɗaya ba a taɓa ba, da kansa yake mutuwa. Ranar Litinin ta manta shi a kan teburin kicin. Talata da safe na shigo neman ruwan zafi, ni ce farkon shiga, sai na tarar da hasken nan a kunne. Babu komai a kan farantin. Lamba kuwa ta tsaya ƙyam a ɗari biyu. Karatuna bai yi nisa ba, amma biyu da sifili biyu ba sa ɓace mini. Ina tsaye ina kallo ya mutu a gabana, kamar dama jira yake wani ya gani.

Laraba haka aka sake, wannan karon a idon Auta. Ta ce batir ne ya yi sanyi, ta cire shi gaba ɗaya. Alhamis da safe babu lamba. Na ce ashe mutanen ɓoye ma ba sa aiki ba batir. Ba wanda ya yi dariya, don a tsakiyar gilas ɗin akwai shatin babban yatsa na mai, ɗanye shar, irin na wanda ya danna ya ɗaga yanzu yanzu.

Shi ya sa da suka gaji da yagar juna, Tela ta juyo kaina.

"Gwaggo, ke ce."

"Ni ce me, 'yar nan?"

"Ke kike shafa wa sikeli mai don ki tsorata mu, ki samu na kai wa maƙwabta."

"Da ni ce da tuni layin nan kaf ya ji. Kin taɓa ganin na yi abu na iya ɓoye shi?"

Ban ga laifinta sosai ba. Ni ce na taɓa zuba mata gishiri a gwangwanin sukari ranar da dangin mijinta suka zo shan shayi, kuma har gobe in na tuna fuskar surukarta sai na ji sanyi a raina. Amma wannan ba hannuna ba ne.

Tela ta sa Auta ta mayar da batir. Ta wanke gilas ɗin da sabulu, ta goge da gefen zanenta, ta haɗa sikelin da kofin da kwalbar mai ta jera su a kabad ɗin uwarsu, ta murɗa makulli sau biyu, ta jefa shi cikin jakarta. "Gobe ma ga wanda zai yi wasa da hankalina," in ji ta. Da makullin ta tafi gidanta.

Juma'a da safe muka taru mu huɗu a gaban kabad. Rana ta fito sosai, ana jin motoci a titi, mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa yana wucewa. Tela ta buɗe. Hasken kore ne ya fara gaishe mu daga cikin duhun kabad. Ɗari biyu. Kwalbar mai a rufe, kofi a kife yadda aka bar shi, shatin yatsa a tsakiyar gilas. Kuma kicin ɗin ya cika da ƙamshin ɓawon lemo, alhali lemon da ke gidan yana cikin firji ba a taɓa shi ba.

Na laluba tabarau na maƙala, na sunkuya. Shatin ba lafiyayye ba ne. Akwai wani layi da ya ratsa shi a karkace, wurin da mai bai kama ba.

Na san layin nan. Shekarar farko da aurenta, marigayiya tana buɗe gwangwanin madara murfin ya yanke ta a babban yatsa na dama, har ƙashi. Ni na yaga ɗankwalina na ɗaure mata. Tabon bai taɓa ɓacewa ba, da shi muka yi mata wankan gawa.

Ban ce komai ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya muku yadda jikina ya yi. Auta ta ce danshin kabad ne ya taɓa na'urar. Tela ta ce ita dai tana da ɗinkin da za ta miƙa kafin azahar. Ko fulawa ba su buɗe ba rannan, kowacce ta ɗauki jakarta.

Na shiga ɗakin ƙanena. Yana kwance rigingine, labule a sake. Agogon hannunsa, wanda a da sai ya yi da gaske yake ɗaura shi, ya zame ya kusa gwiwar hannu. Ni na goya yaron nan a bayana. Tsohon ƙashi ne yanzu a cikin riga.

"Yaya, kin ji ƙamshi da safe?" ya ce, bai buɗe ido ba.

"Wane ƙamshi? Maƙwabta ne ke suya."

"Ke da ƙarya kamar ƙuda da miki. Tana kicin. Kullum nakan ji lokacin da take ajiye kofi a tebur."

"To in tana kicin ai sai ka ci abinci, kada ta zo ta same ka haka ta ce mun bar ka da yunwa."

"Nata nake jira."

Zan faɗi gaskiya ko da za ta zubar mini da girma. Har zuwa wannan safiya ina jin daɗin faɗan 'yan matan nan. Tsohuwa ba ta da talabijin da ya wuce rigimar dangi. Akwai abu biyu da na sani da za su iya rage musu wahala, na zauna a kansu kamar kaza a kan ƙwai, don babu wadda ta ce Gwaggo me kika gani. Da na fito daga ɗakin nan daɗin ya tafi.

Na samu Amarya a bayan gida tana shanya.

"Miƙo hannunki na dama."

Ta miƙo. Na juya babban yatsan gaba da baya. Sumul, sai kaushin omo.

"Ba ke ba ce."

"Gwaggo, makulli yana jakar Yaya Tela. Ni tun Talata ba na shiga kicin sai na ji tarinki a ciki."

"To ajiye rigar nan ki dube ni. Na san wa ya yi shekara shida yana gasa kek a gidan nan."

Rigar ta faɗi ƙasa.

Abin da ya faru shi ne, shekara shida baya hannun marigayiya ya fara rawa. Da farko allura ce ta gagare ta, daga baya ko ƙwai ba ta iya fasawa sai ya zube a ƙasa. Mace ce mai jin kanta. Sai ta fara kulle ƙofar kicin ranar gashi, ta ce iska ke hana kek tashi, ta kira Amarya wai ta taya ta wanke kwanuka. Ni kuwa ƙofa a kulle kira ce a wurina. Wata rana na zagaya ta taga na leƙa, na ga Amarya da muciya tana bugu, marigayiya a zaune tana ba da umarni da haɓa. Idonmu ya haɗu. Da yamma ta same ni ta ce, cikin ladabi, in maganar nan ta fita daga bakina, ita ma za ta gaya wa ƙanena wanda ya bar kejin tantabarunsa a buɗe suka gudu su goma sha huɗu, aka ɗora wa kyanwa. Wannan ne sirri ɗaya tak da na taɓa riƙewa a duniya, kuma kun ga ba don Allah na riƙe ba.

"Tunda ke kike yi, kin san ma'aunin," na ce wa Amarya. "Surukinki yana mutuwa kina wanke gwangwani."

"Alkawari ta sa na yi mata, Gwaggo. Baba ba zai sani ba, 'ya'yanta ba za su sani ba. Kuma ko da ban yi ba..." Ta tsaya, ta ɗauki rigar tana karkaɗe ƙasar da ta kama. "Ban san ma'aunin ba."

"Shekara shida?"

"Man ne kaɗai ba ta sakar mini ba. Takan ajiye kofi a tebur, ta saƙala babban yatsanta a bakin kofin ya leƙa ciki, don teburin ya riƙe mata rawar hannu. Ni in tsiyaya a hankali. In mai ya taɓa tabon sai ta ce tsaya. Tabon nake kallo, ban taɓa kallon kofin ba. Na gwada da nawa yatsan a ɓoye sau biyu, na kasa gane wurin. Gwaggo, da ma'aunin aka binne ta."

Rana tana dukanmu a tsakiyar ka, amma sai da na ja mayafina na rufe kafaɗa.

"Kin taɓa auna shi a sikeli?"

"Sikeli bai taɓa shiga gidan nan ba sai da Auta ta kawo nata."

"To ke kika yi alkawari," na ce. "Ni tantabaru kawai aka riƙe mini, kuma mai riƙon ta tafi." Na waiga wajen tagar kicin. Ban tabbata ta tafi ba.

Asabar suka dawo, saura kwana biyu wa'adin likita. Tela ta buɗe kabad, ta ga abin da ta gani, ta goge gilas ɗin da sauri kamar wadda ta kama ɗanta da kashi a gaban baƙi. Kafin su fara na ja kujerata har tsakiyar kicin.

"Auta, ke da kika yi boko. In aka zuba mai a ruwa, wa ke hawa kan wa?"

"Mai ne ke tashi sama, Gwaggo. Yanzu ba lokacin tatsuniya ba ne."

"Me ya sa yake tashi?"

Ban jira amsarta ba.

"Mijina na biyu, Allah ya jiƙan rowarsa, mai yake sayarwa. Shekara bakwai ina ɗaukar masa jarka a ka. Jarkar mai da jarkar ruwa girmansu ɗaya, amma wuyana ya san ba ɗaya ba ne. Ke kin auna ruwa, kin ba mai nauyinsa. Cika kofin da mai ki ɗora mu gani."

Ta ɗora kwano a sikeli, ta danna ya koma sifili, ta cika kofin taf da man zaitun, ta juye, ta katse ɗigon ƙarshe da yatsa. Ɗari biyu da ashirin da tara. Ta shiga motsa leɓe, tana lissafi.

"Wato ɗari biyu da hamsin ɗin da nake sakawa ya wuce kofi da cokali babba ɗaya da rabi," ta ce a hankali. "Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ta mai ba ta kai ba, ɗari tara da 'yan kai ce."

"Allah na gode maka," in ji Tela. "Ma'aikaciyar awo. Da mutane sun san wadda ke auna musu saƙo da sun kai da ƙafa."

"Kada ki yi rawa tukuna," na ce. "Naki cikakken kofin ma sau huɗu ana dawo da shi. Nata ya yi yawa, naki ya yi yawa. Akwai lambar da ake nuna mana kwana biyar, kowa yana kau da kai."

Auta ta juya ta dubi sikelin.

"Ni ba zan yi wa ubana girki da maganar abin da ba a gani ba," in ji Tela.

"Ba girki na ce ba. Awo na ce."

Auta ba ta nemi izinin kowa ba. Ta mayar da man cikin kwalba, ta sake mayar da sikeli sifili, ta fara tsiyaya. Ɗari da hamsin. Ɗari da tamanin. Ɗari biyu. Ta ɗauki kwanon ta juye a kofin silba, ta ajiye a tebur. Man ya tsaya ƙasa da baki, kamar faɗin gaɓar yatsa ɗaya, daidai inda lotsewar kofin ta fara.

Ban san lokacin da Amarya ta baro famfo ba. Tana tsaye a bayana, kumfa yana ɗiga daga hannunta, idonta a cikin kofin.

"Nan ne," ta ce, da wata murya da ba ita ta yi niyyar fitar da ita ba.

Tela ta juyo. "Nan ne me?"

"A gasa tukuna, a yi shari'a daga baya," na ce. "Ku biyu kun ci rabonku, huɗu huɗu. Ku bar baƙon hannu ya gwada."

Auta ta ja da baya ta zauna, ta gaji. Tela ta harɗe hannu a ƙirji. "Ta gwada. In ya lalace, a kanta."

Amarya ta wanke hannu. Ta kankare ɓawon lemo a kan sukari, ta murza su da yatsu har sukarin ya yi danshi ya canza launi. Ta fasa ƙwai a gefen tebur, ba a bakin kwano ba. Man kuwa ba ta juye shi gaba ɗaya yadda suke yi ba, ta sake shi siriri kamar zare tana bugawa, tana bugawa, har ya ɓace a cikin ƙwan. Da ta zuba ƙullun a gwangwani sai ta ɗaga shi ta buga a tebur sau uku, ta yi bismilla, ta tura a obin. Ni ba ita nake kallo ba, fuskar Tela nake kallo. Tun a murzar sukari hannuwanta suka sauka daga ƙirji. A bugu na uku sai da ta dafa kabad.

Minti arba'in kek ɗin ya yi a obin. Auta ta ciro biro daga jakarta, ta je gaban kalanda, kusa da inda uwarta ta rubuta "mai" ta ƙara: giram ɗari biyu, ko mililita ɗari biyu da ashirin saura kaɗan. Ƙamshi ya fara fita, irin wanda ya tarye mu a gaban kabad.

Sai muka ji jan silifa a baranda. Ƙanena, wanda ya kwana tara bai taka ƙofar ɗakinsa ba, ya shigo yana dafa bango. Auta ta zabura za ta riƙe shi, ya ɗaga mata hannu. Ya zauna a kujerarsa ta kullum, ta kusa da taga.

Ba a jira ya huce ba. Amarya ta yanka, ta sa a faranti, ta miƙa wa Tela don ta kai. Tela ba ta karɓa ba. Ni na karɓa na ajiye masa.

Ya shinshina. Ya danna da yatsa, kek ɗin ya lotsa ya dawo, ya dubi yatsan, a bushe. Ya gutsura ya sa a baki. Ya daɗe yana tauna lomar nan, har na fara lissafin abin da za mu gaya wa likita. Sai ya sake gutsura. Ya cinye yankan, ya tsince ɓurɓushi da yatsa, ya nemi shayi.

Sannan ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofar kicin, inda babu kowa, ya ce a hankali, "To, na ci. Je ki huta."

Na saci kallon sikeli. A mace yake, gilas ɗin fes.

Auta tana kuka ba sauti. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma Tela ta tako har gaban Amarya.

"Wa ya koya miki buga gwangwani sau uku?"

Amarya ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Murzar sukari, zaren mai. Wa ya koya miki?"

Na riƙe bakina iyakar ƙarfina, wallahi na riƙe, kusan numfashi uku. "Uwarki," na ce. "Shekara shida hannunta ba ya iya riƙe ƙwai. Duk kek ɗin da kika ci a gidan nan kina yabon hannun Inna, na wannan ne da kika tura wanke-wanke."

"Ƙarya ne. Da Baba ya sani."

"Na sani," in ji ƙanena, yana hura shayinsa. "Harshena bai mutu ba. Tun makon farko na ji hannu ya canza. Ita ba ta so in sani, ni kuma ban so ta san na sani. Da na buɗe baki na ce Amarya ta gasa mini, da na tona mata asiri tana kwance ba ta iya kare kanta." Ya kurɓa, ya dube ni ta saman kofi. "Tantabarun ma na sani."

Na ce carbina ya faɗi, na sunkuya nema.

Tela ba ta ji maganar tantabaru ba. Tana tsaye tana kallon kofin silba. "Ni na fito daga cikinta," ta ce. "Ni ce ta fari. Ta rasa wadda za ta nuna wa sai bare."

"Ta kira ki," in ji ubanta. "Sau uku a gabana. Ta ce zo ranar gashi ina son ki da wata magana. Kowane karo kina da ɗinkin da za ki miƙa."

"Ba ta ce mini hannunta ba ne."

"Ba za ta ce ba. Kin san ta. Halinku ɗaya."

Amarya ta yanka wani yankan, ta sa a faranti, ta miƙa mata da hannu biyu. "Yaya, ki ɗanɗana. In kina so gobe sai mu yi tare, in nuna miki yadda take..."

"Ke za ki nuna mini uwata?"

Ta buɗe jakarta, ta ciro makullin kabad, ta ajiye shi a tebur kusa da kofin. Ta yafa mayafinta a bai-bai, ba ta tsaya gyarawa ba. Auta ta kira ta, ubanta ya kira ta, ba ta waiga ba. Ta fita ta ja ƙofar da ƙarfin da ya sa ɗan man da ya rage a gindin kofin Inna ya girgiza.